Magaryar Inna Ige

Duk ranar da Inna Ige ta fito daga ɗakin da ta yi wa mamaciya wanka, sai ta kwance gefen zanenta ta ciro ganyen magarya guda ta sa a baki. Ba ta taunawa. Haka za ta ratsa masu kuka a tsakar gida, ta bi ta zaure, ta kama hanya, ganyen yana kan harshenta. In ka gaishe ta sai ta ɗaga maka hannu. Ba ta tofar da shi sai ta shiga gidanta ta yi alwala. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Baki ne, Malam Isa. In ba ka ba shi abin riƙo ba, shi zai nemo ma kansa."

Ige ba sunanta ba ne na gaskiya, haka ma sauran sunayen da za su biyo baya. Na kuma jira sai da wadda maganar za ta fi yi wa ciwo ta kwanta dama.

Ni tela ne a unguwarmu, a nan Gwandu. Shagona yana kallon ƙofar gidan Inna Ige, kuma in an yi rasuwa ni ake kawo wa farin yadi in yanka likkafani. Mai ɗakina Dije ita ke zuba mata ruwa in tana wanka. Saboda haka aikinmu ɗaya, kowa da gefensa. Takan leƙo shago ta ce, "Tela, ka auna ni tun yanzu, na san halinka da rowar yadi." Ni kuma in ce ai ita ko ragowar hannun riga ta ishe ta, don 'yar ƙarama ce, ba tsawo ba jiki.

Wurin gwaggonta ta gaji aikin. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da kuka da busasshiyar kuɓewa take ci, tana kasa su a faifai a bakin ƙofa. Magaryar kuwa da kanta take tsinko ta a hanyar Dalijan. A inuwa take shanya ta, ba a rana ba, don kada ta yi ja. In ta bushe ta daka, ta tankaɗe, ta zuba a ƙwarya. Garin nan in ya ji ruwan ɗumi yana yin kumfa mai laushi, da shi ake wanke mamaci kafin a kai ga kafur. Sai kuma ƙa'idar da ta fi garin muhimmanci: abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci, tare da shi ake binnewa. Shekara da shekaru Dije tana shiga tana fita da ita, ba ta taɓa jin ta ce wance ta rame ko wance tana da tabo ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Hajiya Inno, mai 'ya'ya mata. Babbar, Murja, tana aure a Kaduna. Mai bi mata, Halima Sadiya, tana Kalgo da mijinta Abdulbaƙi, malamin firamare, ita kuma tana karatu a jami'a. Yarinya ce mai kunya, in za ta wuce shagona sai ta rage murya ta durƙusa. Mu tsofaffi ba mu ji abin da ya same ta ba sai a makare. Wani ne ya ɗauki fuskarta ya ɗora a kan hoton wata mace marar sutura, ya watsa a guruf-guruf na waya, ya haɗa da lambarta. Aka ce maza da ba ta sani ba sun yi ta kiranta, wasu suna zagi, wasu suna tambayar inda za a same ta. Ta canja lamba, suka samo sabuwar.

Wata hantsi cikin bazara wata bas ta tsaya a ƙofar Hajiya Inno. Abdulbaƙi ne a ciki, da gawar matarsa a naɗe cikin bargo. Ya ce gajeriyar rashin lafiya ce. Murja tana hanya, ba a jira ta ba, don ba ma ajiye gawa.

Dije ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin. Inna Ige ta ɗaga gefen bargon, ta tsaya, ta mayar da shi a hankali. Sai ta ce, "Dije, magaryar ga ba ta isa. Tafi gidana ki dako wata." Dije ta dubi ƙwarya, ga ta cike. Amma ba a musu a irin wannan ɗaki, sai ta miƙe. Har ta kai ƙofa Inna ta ƙara da cewa, "Ki biya ga Malam Isa, ya ƙara man ƙyalle biyu, faɗin yatsa huɗu, masu tsawon da za su kewaya." Tana fita ta ji an sa sakata.

Tunda nake yanka likkafani ba a taɓa neman irin waɗannan ƙyallaye daga gare ni ba. Na yanka na bayar, ban tambaya ba. Tela dai ya san gaɓar da kowane awo yake zama a kai, wannan kuwa awon wuyan hannu ne.

Kafin la'asar aka yi wa Halima salla, sahu ya cika har bakin titi, aka kai ta kusa da mahaifinta. A garinmu akwai irin mutuwar da in an ambace ta, wasu sukan ja da baya daga sahu. Maganar kuma ba ta tsayawa a maƙabarta, takan bi uwa har ƙarshen ranta, ta bi ƙanne ranar da aka zo neman aurensu. Ranar babu wanda ya ja da baya. Inna Ige ta wuce ta gaban shagona da ganyenta a baki, ba ta ko ɗaga hannu ba.

A wurin zaman makoki ne Dije ta yi suɓutar baki. Wata ta ce mata sannu da aiki, ita kuma ta ce ai ita ba ta yi komai ba, Inna ta aike ta daka, ita kaɗai ta yi wankan. Murja tana zaune a gefe, ta ji.

Bayan an yi addu'ar uku ta zo ƙofar Inna Ige. Ina shago, ƙafata a kan keke, na tsayar da shi.

"Inna, mi kika gani ga jikin ƙanwata?"

"Na ga baiwar Allah, na wanke ta."

"Dukanta ya yi, ko? Saboda hoton nan. Ki faɗa man."

"Murja, ni ba a tambayata wanga."

"To don mi kika fidda Dije? Don mi kika sa sakata?"

Inna ta ci gaba da gyara kuɓewarta a faifai.

"Ke da shi kun rufe ta awa akuya ta mutu," in ji Murja. "Za ki yi magana, tsohuwa. In ba ki yi da ni ba, kya yi da duniya."

Da ta tafi na tsallaka na ce, "Inna, ko kalma ɗaya ce ki ba ta. Ki ce mata yaron nan bai taɓa ta ba, in haka ne." Ta ce, "In na ce babu wanga, sai a ce to mi ke akwai? Ƙofa guda ce, Malam Isa. Ba a buɗe ta rabi."

Bayan damina aka fara sakin wani littafi a waya, kashi-kashi, mai suna Ruwan Ƙarshe. Marubuciyar ba ta sa sunanta ba. Jikar Inna Ige, Rahama, wadda ita ma take karatu a Kalgo, ita ta zo da shi ta karanta mini wani ɓangare a shago. Labarin wata amarya ne da mijinta ya kashe, da wata tsohuwa mai wankan gawa da ta ɓoye tabban dukan, tana kuma ɗibar ruwan wankan da gashin matattu tana kai wa bokaye. Mamaciyar sai ta riƙa bin tsohuwar, duk inda ta zauna sai ta tarar wurin a jiƙe. Dole in faɗi gaskiya, wadda ta rubuta shi tana da hannu. Da rana tsaka Rahama take karanta mini, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Ba a ambaci gari ba. Sai dai tsohuwar cikin littafin 'yar ƙarama ce, tana sayar da kuka a ƙofar gida, kuma in ta fito daga wanka tana sa ganye a baki.

A ƙarƙashin wani kashi wata ta rubuta, "Wai wannan ba ta Gwandu ba ce?" Shi ke nan. Ranar kasuwa wani ya ɗauki hoton Inna tana tsugune tana taya barkono, ya sa a Fesbuk, ya rubuta cewa ga mayyar nan a fili. Mutanen da ba su taɓa taka Kebbi ba suka yi ta tsine mata. Wasu suka ce ita ta wanke kakarsu, kuma tun ranar gidansu bai ƙara zama lafiya ba.

Inna Ige ba ta da waya, saboda haka ta Rahama aka samo. Sai a kira ta, in ta ɗauka ba a magana, sai ƙarar ruwa ana tsiyaya shi daga buta, sannan a kashe. A makaranta ta tarar an watsa mata ganyen magarya a kan katifa. In ta zauna a aji sai benci ya zama nata ita kaɗai, ban da wata ƙawarta Comfort, 'yar Zuru, da takan ɗauko jakarta ta zauna kusa da ita, ta ce wa masu kallo, "To, ni ma ku ɗauke ni hoton, amma ku bari in gyara ɗankwali."

A unguwa babu wanda ya zagi Inna a fuska. Mutanenmu ba su yin haka. Kira ne kawai ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Sai a kawo mini yadi in yanka, in jira a aiko kiran Dije, in ga shiru, can sai in ga babur ya sauke wata mata daga Dalijan da ƙullin kayanta. Inna tana zaune a ƙofa tana jin kuka ta bayan katanga, kukan gidan da ita ta wanke uwarsu da kakarsu. Dije ta ce mini duk ranar da aka yi rasuwa sai ta ɗora ruwa a wuta, ta yanke farce, ta ɗaura tsohon zanenta na aiki, ta zauna. Ruwan ya yi ɗumi, ya huce, ta zubar. Tsinkar magarya ma ba ta daina ba. Ƙore suka cika, ta koma zubawa a buhu.

Wata la'asar Rahama ta sauka daga motar Kalgo da jakarta gaba ɗaya. Ta zube a gaban kakarta, idonta ya kumbura.

"Ƙawalli, lafiya? Ko sun gane ba ki da kai sun koro ki?"

"Inna, ki bar wasa. Ban iya zama can. Ga waya, zan danna, ki yi magana. Ki faɗi abin da kika gani, kowa ya ji, a bar mu mu huta."

"In na faɗa, ke kin huta. Ita fa?"

"Ita ta mutu, Inna! Ni ina da rai!"

Ban taɓa ganin fuskar Inna Ige kamar ranar ba. Ta dubi yarinyar. Sannan ta ce, "Danna." Rahama ta danna ta kai wayar bakinta. Na ga leɓen tsohuwar ya buɗe, ta ja numfashi, ta riƙe. Ni kaina na saki almakashi. Sai na ga hannunta yana lalube a gefen zane. Ta ciro ganye ta ɗora a harshe, ta rufe baki.

Rahama ta fashe da kuka, ta janye hannu. Ashe irin saƙon muryar nan ne da in ka ɗaga yatsa ya tafi, kuma a guruf ɗin masu karanta littafin ta buɗe shi. Babu komai a ciki sai numfashin tsohuwa, da kukan akuya, da taɓaryar wata maƙwabciya daga nesa. Kafin magariba ya zaga ko'ina. Suka ɗora shi a kan hotonta. Suka ce in ka kasa kunne sosai za ka ji mamaciyar tana magana a ƙarƙashin numfashin. Wani yaron shago ya taɓa kunna shi kusa da ni bai san ina ji ba. Na saurara har ƙarshe. Taɓaryar Dije ce, na san bugunta.

Rahama ba ta koma makaranta ba a wannan zangon, kuma ta daɗe ba ta yi wa kakarta magana ba, sai dai ta ajiye mata tuwo ta juya.

Shi ma Abdulbaƙi bai tsira ba, don a littafin shi ne mai kisan. Ya bar koyarwa a Kalgo. Wata rana ya zo shagona, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, ya roƙe ni in raka shi wurin Inna. Ya durƙusa ya gaishe ta. Can ya ce, "Inna, na gaji. In faɗa?"

Ta ce, "Ka je ka gai da Hajiya?"

"Na je."

"Ka ga yadda ta koma?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ka bari," in ji ta. "Mu muna iya ɗauka."

Da sanyi ya shigo ciwon Hajiya Inno ya tsananta, Murja ta dawo daga Kaduna jinya. Wata safiya Hajiya ta aiko a kira mata Inna Ige. Dije ta raka ta, ita ta ba ni labari. Sun tarar da Murja a bakin gado da kofin kunu, ba ta amsa sallamarsu ba.

Hajiya ta ce, "Ige, ke za ki wanke ni."

Murja ta ce, "Hajiya, ai akwai ta Dalijan."

"Ta Dalijan ta rufa ma ɗiyata asiri?" Hajiya ta juya kai a kan matashi ta dubi babbar 'yarta. "Ke kina can, ni ina nan sa'ad da anka shigo da ita. Cikin zafin bazara, yaron nan ya naɗe ta da bargo har kan yatsu. Ni na haife ta, Murja. Ba sai an ɗaga man zane ba. Ige ta san na sani, ba ta taɓa bari idonmu ya haɗu ba."

Dije ta ce kunun ya riƙa zuba a kan zanen Murja, ita ba ta ma sani ba. Inna Ige ba ta dube ta ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya ba ki lafiya, Hajiya. Wa ya san na gaba?"

Daga ranar ba a sake sakin wani kashi na littafin ba. Marubuciyar ta goge abin da ta iya gogewa, ta rubuta cewa ƙirƙira ce, babu wata tsohuwa. Masu karatu suka taso mata, suka ce an toshe mata baki, suka zage ta kamar yadda suka zagi Inna. Ba a jima ba wani daban ya ɗauki labarin ya ci gaba da shi daga inda ta tsaya, nasa ya fi nata muni. Har yau yana yawo. Rahama ta ce akwai masu karanta shi da murya suna sakawa, mutane suna saurare a mota.

Ita kuwa Inna Ige sai ta zama kamar an yaye mata wani abu. Ta ce garin da ta tara ya kwana biyu, ƙarfinsa ya tafi, ba za ta wanke Hajiya da shi ba. Ta ɗauki sandarta ta kama hanyar Dalijan, Rahama ta bi ta da kwando ba tare da an ce ta zo ba. Suka dawo da sabon ganye, ta shanya a inuwar zaure, kullum tana juya shi da hannu. Ta leƙo shago ta ce, "Tela, likkafanin Hajiya ka yanka shi da yalwa, mace ce mai jiki. In ka yi rowa ni da kai ne." Na ce ta fara gama nata aikin tukun.

Ranar da ganyen ya bushe, da hantsi, Dije ta ji taɓarya daga gidan Inna. Bugun tsohuwa ne, a hankali, tana yi tana hutawa. Sai ta ji hutun ya yi tsawo. Da ta leƙa ta tarar da ita zaune ta jingina da bango, taɓaryar a kan cinyarta. Ba ta ƙara magana ba, kafin azahar rai ya yi halinsa.

Matar nan ta Dalijan ce ta wanke ta, da garin da ta zo da shi, Dije tana zuba ruwa. Murja ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da buta a hannu, ba ta shiga ba, ba ta kuma tafi ba har aka gama. Ni na yanka likkafanin, ban yi rowa ba. Da Dije ta fito na tambaye ta ko an gama lafiya. Ta ɗaga mini hannu kawai ta wuce. Ashe ta sami ganye a ƙulle a gefen zanen Inna.

Hajiya Inno ta bi bayanta kafin azumi. Ita ma ta Dalijan ce ta wanke ta.

Rahama ta koma Kalgo da sabuwar lamba, kuma har yanzu wani lokaci akan kira ta a tsiyaya ruwa. Kafin ta tafi ta share gidan, ta ɗaure buhunan, ta kulle ɗaki. Turmin ne kawai ta hana a taɓa. Yana nan a inuwar zaure, ta kife masa faifai ta ɗora dutse. Kwanakin baya Dije ta ɗaga faifan ta duba. Rabin ganyen ya zama gari, rabi yana nan da jijiyoyinsa, ko tankaɗe ba a kai ga yi ba.